Mabuɗi da ƙofa: gyara a kan wani misali na bayanin ciwon sukari

A cikin ƙananan littattafan kiwon lafiya da ake tanada domin azuzuwan yaƙi da jahilci, an saba cewa insulin mabuɗi ne, abin da ke karɓarsa a jikin ƙwayar halitta kuwa ƙofa ce da sukari ke shiga ta cikinta. Misalin yana da daɗin ji, amma a ganinmu ya kauce wa gaskiya.

Ga yadda al'amarin yake. Makarɓin insulin furotin ne da ke ratsa tantanin ƙwayar halitta, sashe a waje, sashe a ciki. Ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarin ƙirarsa, wato INSR, tana kan kromozom na 19, an kuwa karanta tsarin makarɓin a 1985. In insulin ya manne wa sashen waje, sai sashen ciki ya motsa, ya liƙa wa kansa da waɗansu furotin sinadarin fosfat. Daga nan saƙo ke bi hannu-hannu har ya kai ga wani furotin dabam, GLUT4, wanda ke tasowa zuwa tantani a cikin tsoka da kitse. Ta nan sukari ke shiga, ba ta makarɓi ba.

Ashe makarɓi ba ƙofa ba ne. Ya fi kama da mutumin da ke zaure: baƙo ya yi sallama, shi kuwa ya isar da magana cikin gida. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Wanda aka koya wa mabuɗi zai zaci rashin insulin kaɗai ke kawo ciwo, alhali mafi yawan masu ciwon sukari suna da insulin, saƙon ne ba ya isa yadda ya kamata. Da wane harshe za a gaya masa amfanin motsa jiki da rage ƙiba?

Akwai kuma matsalar kalmomi. "Ƙwayar halitta" tana tsaya wa ɗakin rai da kuma abin gado a shafi guda. Ya kamata a bar ta ga na farko, a keɓe "ƙwayar gado" ga na biyu. "Makarɓi" kuwa, tun da rubutunmu ba ya nuna karin sauti, ana iya karanta shi sunan mai aiki ko sunan kayan aiki. Saboda haka muna ba masu tsara littattafai shawara su rubuta "makarɓin saƙo" a farkon ambato, su kuma gwada misalin zaure a cikin aji kafin a kai shi maɗaba'a.