Yaƙi da Riba ko Fatan Hauhawarta? Nazarin Hujjar Masu Halatta Asusun Baibai

Tun daga shekarar 2022 wata hujja take yawo a tsakanin wasu matasan Musulmi da manhajojin waya suka buɗe musu ƙofar kasuwannin hannun jari na Amurka. Hujjar tana cewa: tunda malamai sun haramta sayen takardun lamunin gwamnati saboda ribar da ke cikinsu, to wanda ya zuba kuɗinsa a asusun da ke samun riba idan darajar waɗannan takardu ta faɗi ya tsaya a ɓangaren da ke adawa da riba. A ganinsu, bai ba da bashi ba, bai karɓi kuɗin ruwa ba, hasali ma ya ci moriyar karyewar abin da shari'a ta ƙi. Magana ce mai daɗin ji, kuma yawancin masu yin ta mutane ne da ke gudun haram da gaske. Sai dai an gina ta a kan rashin fahimtar abin da ake saye.

Asusun da ake magana a kansa nau'i ne na abin da ake kira ETF, wato asusun jari da ake saye da sayar da kasonsa a kasuwa kamar hannun jarin kamfani. An tsara shi ya yi tafiyar baibai: idan ma'aunin farashin takardun lamunin baitulmalin Amurka masu dogon wa'adi ya sauka da kashi 1 cikin ɗari a yini, shi sai ya hau da kashi 1, ko 2, ko 3, gwargwadon ninkin da aka gina shi a kai. Kamfanin ProShares ya fito da TBT mai ninki biyu a 2008, sannan TBF marar ninki a 2009. A shekarar ne kuma Direxion ya fito da TMV mai ninki uku. Dukansu suna bin takardun da wa'adinsu ya haura shekara 20.

Tambayar da masu hujjar ba su tsaya a kanta ba ita ce: me ke karya darajar takardar lamuni? Amsar ita ce hauhawar kuɗin ruwa. A ɗauki takarda ta dala 100 mai biyan kashi 4 cikin ɗari a shekara har tsawon shekara 20. Idan gwamnati ta fara fitar da sababbin takardu masu biyan kashi 5, ba wanda zai sayi tsohuwar a kan dala 100. Farashinta zai sauko zuwa wajen dala 87 da rabi. Faɗuwar farashi da hawan ruwa abu ɗaya ne da ake kallo ta fuska biyu. Saboda haka wanda ya sayi TBT, abin da yake jira kullum da safe shi ne labarin cewa riba ta ƙaru. Haka kuwa aka yi: Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a Maris 2022 zuwa tsakanin kashi 5.25 da 5.5 a Yulin 2023, takardun masu dogon wa'adi suka yi asarar kusan kashi ɗaya bisa uku na darajarsu a 2022 kaɗai, masu asusun baibai suka ci kasuwa. A daidai wannan lokaci ruwan bashin sayen gida na shekara 30 a Amurka ya tashi daga kusan kashi 3 zuwa dab da kashi 8, bashin waje ya yi wa ƙasashe masu tasowa tsada, har Ghana ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje a Disambar 2022. Wannan shi ne yanayin da mai asusun baibai yake murna da shi. Yana da wuya a kira mai fatan nauyin riba ya ƙaru a wuyan mabarata da sunan mai yaƙi da ita. Ita kuwa baitulmalin Amurka ta riga ta karɓi kuɗinta ranar da ta sayar da takardar, kuma abin da mai asusun ya samu daga aljihun abokin cinikinsa ya fito.

Sai kuma abin da ke cikin asusun kansa. Ba ya riƙe wata kadara da ake iya nunawa. Manajansa yana ƙulla yarjejeniyar musanya da manyan bankuna, inda asusun ke ɗaukar nauyin biyan abin da takardun lamunin suka samar, har da ruwansu, shi kuma a biya shi wani ruwa na gajeren wa'adi; ko kuma ya sayar da kwangilolin gaba na waɗannan takardu, a riƙa biyan bambancin farashi kullum. Kuɗin da masu jari suka zuba kuwa ana ajiye su ne a matsayin jingina a kayan kasuwar kuɗi masu ba da ruwa, ciki har da takardun baitulmali na gajeren wa'adi. Wato asusun da aka ce yana adawa da lamunin gwamnati shi ma mai ba gwamnatin bashi ne da ruwa, kuma daga wannan ruwa ake raba wa masu kaso wani abu. An gudu ba a tsira ba.

Akwai wurin da masu hujjar suke da gaskiya, kuma adalci ne a faɗa. Wasu masu raddi sukan yi gaggawar kawo hadisin Hakim ɗan Hizam, Allah Ya yarda da shi, wanda ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa, su ce magana ta ƙare. Amma mai sayen kaso a TBT ya biya kuɗinsa, kason ya shiga mallakarsa, idan ya sayar abin da ya mallaka ya sayar. Haramcin ya shigo ne ta wata ƙofa, wato cewa hukuncin kaso yana bin abin da kason yake wakilta, kuma manajan asusu wakili ne mai aiki da izinin masu kuɗi. Abin da bai halatta mutum ya ƙulla da hannunsa ba, wakilci ba ya halatta masa shi. A cinikin da wakilin ke ƙullawa kuwa kuɗi da kaya duka a jinkirce suke. Malikiyya sun kasa cinikin bashi da bashi gida uku, kuma wannan ya faɗa a cikin wanda suke kira fara bashi da bashi. Salam, wanda shari'a ta yi rangwame a kansa, sharaɗinsa a miƙa kuɗi tun farko, iyakar sassaucin da mazhabar ta yi shi ne jinkirin kwana uku. A nan ba kuɗin da aka miƙa, ba kayan da ake niyyar karɓa, kuma abin cinikin kansa bashi ne mai ruwa. Abin da ya rage shi ne mutum biyu suna jiran lamba ta motsa, asarar ɗaya ita ce samun ɗaya, wanda shi ne hoton maisir. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta haramta takardun lamuni masu ruwa a ƙudurinta na 60 a 1990, sannan a ƙuduri na 63 a 1992 ta bayyana ciniki a kan ma'aunin farashi a matsayin caca tsantsa. Mizanan shari'a na hukumar AAOIFI ta Bahrain, na 20 da na 21, a kan wannan turba suke.

Ba a kuma iya fakewa da ƙa'idar tsarkake dukiya. Rangwamen da AAOIFI ta yi, na cewa kuɗin shiga na haram kada su wuce kashi 5 cikin ɗari kuma a fitar da su, an yi shi ne domin kamfanin da asalin sana'arsa halal ce, kamar mai yin siminti da ya ajiye wasu kuɗi a banki. Asusun baibai ba shi da wata sana'a ban da wannan.

Mafi zurfin karatu a cikinsu sukan koma ga abin da aka ruwaito daga Imam Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad ash-Shaibani, Allah Ya yi musu rahama, game da mu'amalar Musulmi da wanda ba Musulmi ba a ƙasar yaƙi, su haɗa da labarin sharaɗin da Sayyidina Abubakar ya yi da wani Baƙuraishe a kan nasarar Rumawa. Abu Yusuf ya saɓa wa malaminsa a wannan mas'ala, haka ma jumhur, waɗanda suka ɗauki labarin a kan cewa ya faru kafin a haramta caca. Ko a cikin mazhabar Hanafiyya, malaman baya sun fahimci rangwamen a kan yanayin da ƙarin zai faɗa hannun Musulmin. Wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi yana danna waya bai shiga ƙasar kowa da aminci ba, bai san wanda ya sayar masa da kason ba, wataƙila ma Musulmi ne ɗan'uwansa a Kuwala Lumfur, kuma ba shi da tabbacin cewa ƙarin nasa ne.

Wannan rashin tabbaci ya fi yadda ake zato. Asusun yana sabunta lissafinsa kullum, alƙawarin ninkinsa na yini ɗaya ne kawai. A ƙaddara, domin misali ya fito sarari, ma'auni ya tashi daga 100 zuwa 110, washegari ya dawo 100. Ma'aunin bai rasa komai ba. Asusu mai ninki biyu kuwa zai sauka zuwa 80, sannan ya farfaɗo zuwa 94 da rabi kacal. Mai ninki uku zai tsaya a wajen 89. Duk kai-komon kasuwa yana gutsurar jarin, ko da hasashen mai shi ya zo daidai daga ƙarshe. Tun 2009 hukumomin SEC da FINRA na Amurka suka gargaɗi masu jari cewa irin waɗannan asusu ba su dace da dogon riƙo ba. Waɗanda suka sayi TBT a farkon fitowarsa, da yaƙinin cewa ruwa dole ya tashi, sun zauna sama da shekara goma suna kallon ruwan yana sauka, har na takardar shekara 10 ya kai kusan rabin kashi ɗaya a 2020, asusun kuma ya rasa mafi yawan darajarsa. Masu kafa hujja da 2022 ba sa ambaton waɗannan shekaru. Wannan ba dalilin haramci ba ne a karan kansa, domin halastaccen ciniki ma yana karyewa, amma ya isa ya rushe da'awar cewa asusun mafaka ce ga mai tsoron zaizayewar dukiyarsa.

Tsoron kuwa na gaske ne, kuma malamin da ya ce haram ya yi shiru bai gama aikinsa ba. Wanda ya ga naira tana narkewa a hannunsa yana da haƙƙin a nuna masa inda zai sa kuɗinsa. Sai dai garkuwa ana yin ta ne ga abin da ake riƙe da shi, Musulmin da bai mallaki takardar lamuni ba kuwa ba shi da faɗuwar da zai kare kansa daga ita. Wanda ke da wannan matsala a haƙiƙa shi ne bankin Musulunci ko asusun fansho da ke riƙe da sukuk mai tsayayyen haya, irin na naira biliyan 100 da gwamnatin Najeriya ta fitar a 2017 domin gina hanyoyi, tunda darajarsa a kasuwa ita ma tana sauka idan ruwa ya hau. Domin irin wannan buƙata aka samar da yarjejeniyar Tahawwuɗ a 2010, wadda aka gina a kan wa'adi da murabaha, aka kuma taƙaita ta ga kariya daga haɗarin da yake akwai, ban da neman riba da hasashe. Har yau malamai suna jayayya a kan ko wa'adin da ke cikinta ya tsira daga zama dabara, kuma ɗalibin fiƙihun mu'amalat da ke neman fagen bincike zai same shi a wannan jayayya.