Jinjina ga Masu Motsa Abin da Ido Ba Ya Gani

Ba kowa ne zai iya nuna wa ɗalibi cutar sikila ido da ido ba. Masu haɗa bidiyon ƙwayoyin halitta sun iya. Sukan ɗauko siffar furotin ɗin jini daga rumbun Protein Data Bank, wanda aka buɗe a 1971, su juya ta da manhajar PyMOL ko ChimeraX, har a ga yadda sauyi ɗaya tak ke sa furotin ɗin ya manne wa juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje.

Aikin haƙuri ne, kuma sun cancanci yabo.

Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashua da makarantar kiwon lafiya ta Nguru: rumbun kyauta ne. A yi mana irin bidiyon da Hausa.