Kiɗan Bariki: Mun Riƙe Waƙa, Mun Ɓoye Ɗakin

A ajin adabin baka ana koya mana raba makaɗan Hausa gida-gida: makaɗan fada, makaɗan sana'a, makaɗan maza, makaɗan jama'a. Mai kotso da mai taushi suna ƙofar sarki. Mai gangar noma yana gona wurin gayya. Mai kiɗan dambe yana dandali bayan kaka. Duka an san inda za a tarar da su. To, makaɗin jama'a fa? Mai goge da mai kukuma, in dare ya raba, a ƙofar wa ake jin su? Nan darasi yake yin shiru. Amma kowane tsohon direba ya san amsar: bariki.

Kalmar aro ce daga Ingilishi, asalinta mazaunin soja. Bahaushe ya miƙe ta har ta haɗa unguwar Nasara, tasha, otel, mashaya da gidan magajiya. In an ce wane ɗan bariki ne, ko wance ta shiga bariki, ba zancen soja ake ba. Ana nufin mutum ya fita daga ƙarƙashin idon dangi, ya shiga inda kuɗi da wayo ke aiki. Kalmar "jama'a" da ke cikin littattafanmu mayafi ce da aka lulluɓa wa wannan wuri don kada a kira sunansa.

Doka ce ta gina wurin. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba Turawan mulki damar hana shigar da barasa yankunan da ba su saba da ita ba, kuma Ingilishi suka sa Arewacin Nijeriya cikin wannan hani. A 1919 aka sake ƙarfafa shi a yarjejeniyar Saint-Germain, a shekarar da Amurka ta amince da gyaran tsarin mulkinta na hana giya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a wajen ganuwa don baƙi ma'aikata daga kudu. Abin da aka hana a cikin birni sai ya samu masauki a bayan ganuwa. Mu ma a Damagaram mun san irin wannan rabo: ga Birni na sarki, ga Zango na fatake, ga sansanin soja da ofisoshin Faransawa, tun lokacin da Zinder take babban birnin ƙasa har zuwa 1926.

A dubi Amurka. Daga 1920 zuwa 1933 giya haramun ce a doka, sai mashayar ɓoye ta yawaita. Suna ce mata speakeasy, wato "yi magana a hankali". A unguwar Harlem ta Niyok, ɗan damben nan Jack Johnson ya buɗe gidan rawa a 1920. A 1923 wani ɗan sumogal, Owney Madden, ya karɓe shi ya sa masa suna Cotton Club, don ya samu inda zai sayar da giyarsa. Duke Ellington ya yi kiɗa a nan daga 1927 zuwa 1931, rediyo na ɗaukar wasan kai tsaye, har kiɗan jaz ya shiga gidajen da ba su taɓa taka Harlem ba. Amurkawa sun san titin, sun san shekarun, sun san mai gidan. Sun kuma rubuta abin kunyar: baƙi ne ke kiɗa da rawa, amma kujerun na farare ne. Ɗan uwan makaɗin kansa ba ya iya sayen tikiti ya zauna.

Wannan ne ya kamata mu koya, ba jaz ɗin ba. Sun ajiye ɗakin tare da waƙar, da kyaunsa da muninsa. Mu kuwa mun ajiye waƙar mun share ɗakin.

Ga misali. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, a Bukuru aka haife shi, garin haƙar kuza. Mutanen da ya waƙe da kuntiginsa, irin su karen mota, mutanen tasha ne. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya waƙe sarakuna da attajirai, ya kuma waƙe direbobi, mashaya da mata masu zaman kansu, da bakinsa, ba da habaici kaɗai ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Yau in an yi shirin tunawa da shi, digirin ake ambata, a zaɓi waƙoƙin sarauta, sauran a tsallake. Masu kukuma irin su Ibrahim Na Habu, Hassan Wayam da Garba Supa, da Garba Liyo mai goge, ina suka samu masu sauraro? Goge kuwa da ma malamai sun daɗe suna ƙyamarsa saboda dangantakarsa da bori. Fada ba ta riƙe shi ba, makaranta ba ta riƙe shi ba. Gidan magajiya ne ya riƙe shi.

A wajen mai nazarin harshe, nan ne zancen ya fi daɗi. Mu ma muna da namu "yi magana a hankali". Giya ta zama ruwa. Karuwa ta zama mai zaman kanta. Gidan ya zama gidan mata, ko otel, ko da babu ɗakin kwana ɗaya na matafiyi. Magajiya sunan sarauta ne, aka ba shugabar gidan. Kowace kalma a nan ƙofa ce da aka tura ba a kulle ba: wanda ya sani ya shiga, wanda bai sani ba ya wuce da mutuncinsa. Kunya ce ta haifi waɗannan kalmomi, kuma a zaman tare suna da amfani. Matsalar ita ce mai rubuta tarihi ya ɗauki yaren kunya ya mai da shi yaren bincike.

Wani zai ce: to, kai so kake mu yabi mashaya? A'a, ɗan uwa. Giya ta kashe aure, ta cinye kuɗin gero, kuma da yawa daga matan gidajen nan auren dole ko saki ko yunwa ne ya kai su. Amma shirunmu bai rage ko ɗaya daga wannan ba. Abin da ya yi shi ne raba riba da hasara ba daidai ba. Makaɗi ya fita da suna da lambar yabo. Matar da ta shimfiɗa tabarma, ta dafa abinci, ta tara jama'a, ta yi kari, ita aka bari da zagi. A shekarun neman ƴancin kai, jam'iyyu irin su Sawaba da RDA sun nemi magajiyoyi don tara mata da cika taro. Bayan an samu mulki, wa ya tuna da su? Da Zamfara ta soma shari'a, Kano ta bi a 2000, mata da makaɗa da dama suka tsallako iyaka zuwa Nijar. A watan Nuwamba na shekarar, lokacin zanga-zangar ƙin bikin FIMA, an far wa mashaya da gidajen mata a Maraɗi. Mazan da ke zuwa gidajen da dare ba su rasa ko tabarma ba.

Mi ya haɗa wannan da Damargu? Hanya. Tun zamanin ayari geronmu ke tafiya Abzin, kuma hanyar Kano zuwa Agadas ta nan ta bi. Da raƙumi ya ba kamiyo wuri, Tanut ta zama zango a kan gudron Zinder zuwa Agadas. Duk inda matafiyi ya kwana da kuɗi a aljihu, kiɗa na biyo shi. Tsofaffin direbobi, masu tuwo-tuwo na tasha, ƴan kasuwar Belbeji, tsofaffin ƴan samariya na zamanin Kunce, su ne littafin. Fim ɗin Aicha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna ana iya shiga unguwa kamar Kara-Kara a saurari mutanenta ba tare da an wanke su ko an la'ance su ba.

Saboda haka in hutu ya zo, kowa na da salula mai ɗaukar murya. A gaida tsohuwa yadda ya kamata, a nemi izini, a sakaya sunan wanda ba ya so. A tambaya: a wane gida ake goge, wa ke riƙe da shi, da wace kalma ake kiran wurin, nawa ake kari, wa ya rufe shi kuma a wace shekara? Kaset na iya jira. Masu amsa waɗannan tambayoyi kuwa kowace damina raguwa suke.