Mai Hanjin Ligidi da Tukunyarta

Kayan haɗin hanjin ligidi ba su taka kara sun karya ba: sukari, ruwa, ruwan tsamiya ko na lemun tsami, ɗan man gyaɗa na shafe faranti, sai tsinke. Shi ya sa ake raina sana'ar, a ce ai abin yara ne. To amma raba wa mata goma gwangwani bibbiyu na sukari a ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Dambatta, ka koma gefe ka zuba ido. Wata za ta sauke ruwan zaƙi da ba zai taɓa kamawa ba. Wata ta sauke dutse mai karya haƙori. Wata kuwa ƙauri ne zai sanar da maƙwabta abin da ya faru. Da ƙyar a samu biyu da za su fitar da abin nan mai sheƙi da danƙo, wanda yaro zai cije ya ja, ya yi ta miƙewa har tsawon hannunsa bai tsinke ba.

Gwanintar tana farawa daga murhu. A wannan yanki, inda gona ke manne da gona har bakin katangar gida, itace ba ya samuwa a banza, karan dawa da na gero ne makamashin yawancin gidaje. Kara kuwa wuta ce mai gaggawa: ta tashi bal-bal, kafin ka juya ta kwanta. Tuwo yana jure wannan. Sukari ba ya jurewa. Don haka za ka ga gwanar tana tura kara ɗaya ko biyu, tana janye wani, idonta na kan kumfar tukunya. Da farko kumfar ƙanana ce mai saurin fashewa, domin ruwa ne ke tafasa. Can sai ta yi girma, ta yi nauyi, ta riƙa fashewa a hankali da wata ƙara mai kauri. A nan hira take tsayawa. Ko sallama aka yi, amsawar a taƙaice ce.

A masana'antun alewa, ma'aunin zafi ake tsomawa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma yayin da yake ƙonewa ya bar sukari, zafin tukunyar hawa yake yi. Tsakanin digiri 120 da 130 ake samun mai danƙo da ke taunuwa. Wajen 150 ya zama mai ƙarau da ke fashewa. Ya wuce 160, ya fara yin ja, daga nan sai baƙi da ɗaci. Tazarar da ke tsakanin waɗannan matakai a kan wutar kara mintuna kaɗan ce. Ita gwanar ba ta da ma'auni, kofin ruwan sanyi ne a gefenta. Ta ɗiga ɗigo ɗaya, ta sa yatsu ta lalubo. Idan ya narke ya bi ruwa, da saura. Idan ya dunƙule yana lotsawa, an kusa. Idan ya dunƙule da ƙarfi amma ya yarda a ja shi, sai a sauke nan take, domin tukunyar da aka sauke ma tana ci gaba da dafa abin da ke cikinta.

Aikin tsamiya ne ya fi burge ni, don mutane da yawa suna zaton don ɗanɗano ake sa ta. Sukarin da aka narkar kullum neman komawa tsaba yake yi. Ƙwaya ɗaya ta maƙale a gefen tukunya ta faɗa ciki, sai duk tukunyar ta koma gari-gari. Tsami idan ya haɗu da zafi yana raba wani kaso na sukarin zuwa gida biyu, irin zaƙin da ke cikin zuma, kuma waɗannan su ke hana tsabar sake haɗuwa. Amma da ƙa'ida. Ya yi kaɗan, alewa ta yi yashi a baki. Ya yi yawa, ta ƙi kamawa har abada. Tsamiyar ma ba ƙarfinta ɗaya ba: ta bana da wadda ta kwana biyu a ajiye sun bambanta, ta wannan bishiya da ta waccan sun bambanta. Sai gwanar ta ɗanɗana jiƙon kafin ta yanke yawan da za ta tace a ciki. Gudun komawar sukari tsaba kuma shi ne dalilin da ya sa ba ta yawan juya tukunya da zarar ta tafasa, ko da 'yar koyo ta matsu ta sa ludayi.

Bayan an juye a farantin da aka shafe da mai, sai aikin hannu. Sukari mai wannan zafi idan ya taɓa fata mannewa yake yi, ƙunarsa ta fi ta tafasasshen ruwa muni, shi ya sa ake kore ƙananan yara daga wurin. Ana jira ya huce daidai yadda hannu mai mai zai iya ɗauka, ba a bari ya sandare. Ta ja, ta ninka, ta sake ja. Kowane ninki iska yake shigarwa, launin ya riƙa washewa yana ƙyalli. Haka masu farar alewa ke yi har tasu ta koma fara tas. Sannan ta zaro shi siriri, ta naɗe a tsinke, ta tsinke, ta ɗauki wani, hannu na gudu kafin ragowar ya taurare.

A wajen naɗin ne ake gane wadda ta san yara. Yaro yana son abin da zai ɗan ba shi tsoro matuƙar ya tabbata ba zai cije shi ba. A Amurka, ranar 31 ga Oktoba, iyaye kan naɗe sosej da siraran kwaɓin fulawa, ya fito kamar gawar mutanen Masar na dā da aka naɗe da ƙyalle, a ɗiga masa idanu biyu, yara su yi ta ihu suna ci. Namu yaran sun daɗe da sanin wannan daɗi: abin da suke tsotsa hanji ake kiransa, ja ne, dogo, mai santsi. Na ga wadda ke ƙara wa abin armashi, ta murɗa shi ya yi gammo, ta ɗaga kan, ta manna ƙwayar riɗi biyu. Yarinya ta miƙo kuɗi tana ja da baya.

"Goggo, wannan ai maciji ne!"

"To bar shi mana, 'yar nan, in ba wa yayanki."

"A'a, shi nake so."

Kasuwar takan buɗe sosai daga goma ga azumi, lokacin tashe. Yaran da suka sha gawayi a fuska, suka manna gemun auduga, suka zaga gida-gida suna tsorata ƙannensu, ɗan abin da suka samo a farantin masu alewa yake ƙarewa. Haka ranar sallah da ranar walimar sauka. Sai dai azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ita kuma alewa tana jin yanayi. Da hunturu, iska a bushe take, abin yana sandarewa tun ba a gama naɗi ba, dole a sauke da ɗan sauran laushi a yi sauri. Da damina kuwa sukarin da tsami ya raba yana zuƙar danshi, abin da aka yi da safe ya fara naso da la'asar. A irin wannan lokaci gwanar takan rage tsamiya, ta ƙara wa tukunya minti ɗaya a wuta, ta kuma yi daidai abin da 'yar talla za ta sayar kafin magariba.