Akun da ya biyo ni har Liyon

Kwafi na tara ke nan na Magana Jari Ce da ya fita daga hannuna, kuma wallahi ko ɗaya ban taɓa jin ciwon rabuwa da shi ba. Na baya-bayan nan wata yarinya ce ta tafi da shi, ɗiyar wani mutumin Gidan Rumji da muke unguwa ɗaya a Liyon, nan Faransa. Bangon ya yage, an ɗinke gindin da zaren buhu, wani ɗan makaranta da ban sani ba ya cika shafin ƙarshe da lissafi. Haka na saye shi a Katsina wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai, haka kuma na miƙa mata.

A Gazawa na fara ganin littafin nan. Kawuna yana kai aya da wake Jibiya ta Ɗan Isa, ya dawo da atamfa da sabulu, ran nan sai ga littafi na ɗaya cikin kayansa. Ina aji huɗu a lakwal, ban taɓa ganin Hausa a rubuce da boko ba, Faransanci kaɗai mushe ya koya mana. Na ɗauka na karanta sunan da ƙarfi, na kira kalmar ƙarshe "se". Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ba haka ba ne. Faɗe ta yadda kake faɗa wa iyarka." Na sake dubawa, sai maganar gidanmu ta tashi daga takarda ta tsaya gabana. A daren nan, gaban fitilar ƙwai, na gane ashe sunan garinmu da muke jan sa da harufa bakwai a allon lakwal, harufa shida sun ishe shi.

Kai, marubucinsa Abubakar Imam gwani ne! Dubi yadda ya ɗaure littafin farko. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri na ƙulla makircin da zai fitar da yaron daga fada ya halaka, ba wanda ya tsaya tsakani sai aku. Ba shi da takobi, ba shi da doki, bakinsa kaɗai gare shi. Kullum Musa ya yi shirin fita, aku ya janyo labari ya riƙe shi har gari ya waye. Mu ma haka ya yi mana. Iya takan leƙo ta ce a kashe fitila kananzir na ƙarewa, sai ta zauna bakin tabarma ta ce a ƙarasa wannan ɗaya tukuna. A littafi na biyu aku ya kara da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar magana, kuma har yau in na zo wurin nan sai in ji kamar ni ake wa darasin.

Na ji masu cewa ai aro ya yi, daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya. Ƙwarai ya yi aro, kuma a nan ne ma nake ƙara sara masa. Da na zo Turai na karanta labarin mai sarewar garin Hamelin, na gane Sarkin Busa ne, amma sai na ji na Imam ya fi zama a kunnena. Haka Kalalatu da ta cinye kajin baƙo, ta haɗa dabarar da baƙon ya ruga mijinta na bin sa da wuƙa: asalinta Bajamushiya ce, amma ka rantse a bayan kasuwar Tibiri take zaune. Ya tuɓe wa labaran nan kayansu ya sa musu riga da hula, ya ba su zaure da fadanci da gatse, ya sa musu karin magana a inda Bahaushe zai sa shi. An haife shi a Kagara a 1911, yana malami a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, sannan aka kira shi Zariya a 1936 ya zauna ya yi wannan aiki. Shekararsa 25 fa! A 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya rasu a 1981, Allah ya jiƙansa da rahama.

Shi ya buɗe mini ƙofar sauran karatu, har ya zame mini ɗabi'a. Ran Asabar nakan bi bakin kogin Son wajen masu tsofaffin littattafai, ko in shiga shagon Emmaüs, in tsinto ƙamus da littattafan yara da Sarraounia na Abdoulaye Mamani in na dace. In zan je gida, rabin jakata littattafai ne, in sauke wasu a Agiye wajen wani malami abokina, sauran su wuce Gazawa. In zan dawo kuwa, aku nake ɗaukowa, don ƴaƴanmu na nan suna jin Hausa a bakin iyayensu amma ba su taɓa ganin ta a takarda ba. Sharaɗina ɗaya ne ga duk wanda na ba: ka karanta da ƙarfi a gaban mutanen gidanka, in ka gama ka miƙa wa wani.

Shekaranjiya uban yarinyar nan ya kira ni bayan isha'i. Ya ce, "Malam, ka haɗa ni da aiki. Ta hana kowa barci, kuma tun ba ta gama ba tana tambayar na biyu." Ina jin muryarta daga nesa tana ta fama da sunan Sarkin Sinari na cikin littafin, uwarta na gyara mata. Na biyun guda ɗaya gare ni, yana hannun wani ɗan Tasawa mai aikin gini. Na riga na aika masa ya taho da shi masallaci ran Juma'a.