Gwanin da Ke Mayar da Shafi Rubutu

A shagunan kwamfuta na Katsina, irin waɗanda ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ke cikawa lokacin rajista, akwai aikin da ba kowa ke ganin gwanintarsa ba. Ɗalibi ya cike fom a intanet, yana so a adana masa shafin yadda yake. Ɗan koyo sai ya kwafi asalin rubutun da aka aiko, ya buɗe ya ga wayam.

Dalili kuwa, burauza ba ta riƙe shafi a matsayin rubutu. Da zarar HTML ya iso sai ta warware shi, ta dasa bishiya, reshe cikin reshe, wadda ake kira DOM, tsarin da ƙungiyar W3C ta daidaita a 1998. Har gyara take yi ba a tambaye ta ba: teburin da aka rubuta babu tbody, ita ke saka masa. JavaScript ma ya zo ya ƙara nasa rassan.

Aikin gwani shi ne ya sa bishiyar nan ta koma rubutu. Yana da innerHTML, wanda Microsoft ya shigo da shi cikin Internet Explorer 4 a 1997, mai ba da abin da ke cikin reshe. Yana da outerHTML, mai haɗawa da reshen kansa, wanda Firefox bai karɓa ba sai 2012. Kiran waɗannan kam ko yaro ya iya.

Abin da ke burge ni shi ne sanin abin da burauza ke bari a baya. Sunan da ɗalibi ya buga a akwatin fom ba ya fitowa, don haka gwani kan fara bin akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da abin da aka buga cikin alamar value, sannan ya kwasa. Zanen da ke kan canvas sai an mai da shi hoto tukuna. Layin doctype da hannu yake ɗora shi a sama.

Sai kuma namu na gida. Idan gwani bai tabbatar fayil ɗin ya bayyana UTF-8 ba, ƙ da ɗ da ɓ na iya rikiɗewa su zama tarkace, ɗalibin da ya rubuta Ƙofar Ƙaura a adireshinsa ya karɓi takardar da shi kansa ba zai iya karantawa ba.