Addini Ko Dukiya: Sharhi a Kan Ra'ayin Yusufu Bala Usman Bisa Tarihin Yaƙi a Ƙasar Maradun

Abin da wannan takarda za ta duba shi ne ra'ayin da Dokta Yusufu Bala Usman ya kafa a littafinsa The Manipulation of Religion in Nigeria na 1987, watau cewa rigingimun da ake laƙaba wa addini a ƙasar nan, gindinsu neman dukiya da mulki ne, addini kuwa mayafi ne da wasu 'yan tsiraru ke lulluɓa wa talakawa. Za a auna wannan ra'ayi da abin da ya auku a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun, domin yanki ne da ya ga jini a zamani uku.

Da farko dai dole a ba malamin gaskiyarsa. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta a Birnin Tudu, saboda sun tare hanyoyin aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gama ginawa a 1978. Gwamnatin Shagari ta faɗi adadi kaɗan, manoma kuwa suka ce ɗaruruwa aka kashe. Abin da suke nema shi ne diyyar gonakin da ruwa ya ci da waɗanda aka baje. Babu mai cewa saɓanin aƙida ya kawo wannan. Haka nan harin da 'yan bindiga suka kai gundumar Gidan Goga a watan Mayu na 2018, inda aka kashe mutane fiye da 20: mahara da waɗanda aka kai wa harin duk alƙibla ɗaya suke fuskanta. Rigimar da ta haifi irin wannan hari ta taso ne daga cinye burtali da makiyaya, da satar shanu, da kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi a kasuwanni ba tare da shari'a ba, sannan ramuwar gayya ta biyo. Abin lura kuma, a jihar da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a 1999 wannan ya faru.

To amma ra'ayin yana da rauni, kuma raunin yana bayyana da zarar an koma baya zuwa ƙarni na 19. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a Zamfara, har ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun. A Kitab al-Farq ya lissafa jangali da kuɗin gari da ƙwace a cikin abubuwan da ya soki sarakuna da su. Mai bin ra'ayin Bala Usman zai ce ga hujja, ashe maganar haraji ce. Sai dai Shehu bai kawo su a matsayin kukan tattalin arziki ba. Ya kawo su ne domin, a wurinsa, zalunci saɓon Allah ne. Makiyayin da ya ji wannan wa'azi ba ya iya tsaga zuciyarsa biyu ya ce nan ɓangaren saniya, nan ɓangaren imani. Mu ne malaman makaranta muke yin wannan tsagi a kan allo, don sauƙin koyarwa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A 1805, da jama'ar Shehu suka yi sansani a Sabon Gari kusa da Bakura, yunwa ta matsa, mayaƙa suka riƙa ɗibar abincin mutane, har Zamfarawan da suka karɓe su da farko suka juya musu baya. Nan hatsi ne ya raba waɗanda wa'azi ya haɗa. Amma ba da jimawa ba Malam Abdullahi Ɗanfodiyo ya bar rundunar ya nufi gabas har ya tsaya Kano, saboda ya ga son duniya ya shiga zukatan mayaƙa, kamar yadda ya bayyana a Tazyin al-Waraqat. Idan addini mayafi ne kurum, me ya fitar da Abdullahi a lokacin da ganima ta fara shigowa? Ra'ayin ba shi da wurin ajiye mutum irin wannan, kuma wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Na uku, takara a kan ƙasa ita kaɗai ba ta isa bayani ba. Manomi da makiyayi sun daɗe suna gardama a kan ɓarnar gona a ƙasar Maradun, ana kai ƙara gaban ardo da hakimi, a kimanta ɓarna, a biya, a watse. Ƙarancin fili ya tsananta gardamar, babu shakka. Amma sai da makiyayi ya tabbata alƙali da ɗan sanda kuɗinsa kawai suke so, manomi kuma ya tabbata ba mai zuwa cetonsa, sannan kowa ya sayi bindiga. A Bakolori ma manoma sun yi ta kai kuka ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima kafin su tare hanya. Littafin ya yi dogon bayani a kan masu cin moriyar rigima, amma bai tsaya sosai a kan lalacewar waɗannan ƙananan wuraren yanke hukunci ba, alhali a nan ne mutumin Gidan Goga yake saduwa da hukuma.